Akwatin Ansalmo

A Tawa, bayan tsohuwar tashar Agadas,
akwai ɗaki mai ƙyauren gwangwani
da kakana Nomau ya ba wani Bature haya,
dala shida a wata,
in ya samu.

Ba Bafaranshe ba ne. Wannan ya sha faɗa,
yana dukan ƙirji da yatsa biyu:
"Sipaniya."
'Yan unguwa suka ce duk kanwar ja ce.
Sai da suka ga kumandan ba ya kiransa cin abinci,
suka ga takalminsa ya je wurin baduku sau uku,
sannan suka fara yi masa barka da rana.

Ansalmo sunansa.
An ce a ƙasarsu kujera gare shi a majalisa,
in ya miƙe tsaye, dubu su yi tsit.
Littafi huɗu ya rubuta, soja suka ƙone uku,
na huɗun bai ga maɗaba'a ba.
Ya haye duwatsu da ƙanƙara a ƙafa,
teku a tsakanin buhunan gawayi,
hamada a bayan babbar mota,
har ya iso inda ba wanda ya san laifinsa
balle alherinsa.

A nan ɗan majalisa ya koma gyaran agogo.
Ranar kasuwa kuwa, fensir a bayan kunne,
sai ya raɓe wurin masu awon albasa
ya sake lissafin da dillali ya yi wa manomi.
Dillalai suka tsane shi.
Ya ce rabonsa da ƙiyayya mai daɗi haka
tun yana gida.

Ƙwallon zaitun bakwai ya zo da su a aljihu.
Ya shuka, ya raba ruwan shansa da su.
Ko ɗaya bai tsiro ba.
A ramin ƙarshe aduwa ta fito don kanta.
Inna Tsahara, tana yarinya lokacin,
ta ce ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Ku bar ta, ita ta ci zaɓe."

Ranar da rediyo ya ce janar ɗinsu ya mutu
ya ari dutsen guga, ya goge kwat ɗinsa,
ya sa, ya tsaya bakin ƙofa har la'asar.
Sannan ya tuɓe, ya ninke.
"Masu sanina suna ƙarƙashin ƙasa, Nomau.
Wa zan yi wa sallama?"

Damina biyu ya ƙara.
Liman ya ce ba nasa ba ne,
fada ya ce bai taɓa ganinsa a coci ba.
Manoman albasa suka zo da magirbi,
ba su tambayi kowa ba.

Akwatinsa na ƙarfe ya shekara arba'in
a ƙarƙashin gadon inna,
kundi goma sha tara, rubutu kamar sawun tururuwa.
Ba mu iya karantawa ba.
Gara dai muka hana ta karanta.

Bara wata ɗaliba ta zo daga can,
ta ce yanzu akwai titi da sunansa,
har da gunki, tattabaru na sauka a kansa.
Ta kunna na'ura, tana son kalmarsa ta ƙarshe.
Inna ta ce: "Cewa ya yi a mai da wa Alkasum agogonsa,
kada a karɓi kuɗi."
Yarinyar ta jira saura. Babu saura.

A kundi na sha ɗaya ta tsaya,
ta ce wannan layin ba harshensu ba ne.
Na duba. Hausa ce, a karkace:
baƙo raɓa.
Ya ja layi ya soke ta,
daga baya, da wata tawada,
ya sake rubuta ta a ƙasa.

Ta tafi da akwatin, mun yafe.
Aduwar tana nan.
Awaki na kwana a inuwarta,
yara na jifanta da dutse,
suna tsotsar ɗaci da zaƙi a ƙwallo ɗaya.